Tsakanin Burmi da Burma: Martani ga Mai Hana Ziyara

Wani malami daga cikin marubutanmu, wanda na daɗe ina bibiyar abin da alƙalaminsa ke zubarwa ina kuma ƙaruwa da shi, ya fitar da maƙala a kwanakin da ake shirin tunawa da 'yan mazan jiya na ranar 15 ga Janairu, inda ya yanke hukunci mai tsanani a kan mutanen da ke ɗaure kayansu su tafi ƙasashe masu nisa domin su tsaya a filayen da aka gwabza yaƙin duniya, su ga makwancin sojojinmu da ba su dawo ba. Abin da na fahimta daga bayaninsa, in na taƙaita shi ba tare da na rage masa ƙarfi ba, shi ne cewa mutanen nan sojojin Nasara ne da suka mutu a yaƙin da ba nasu ba, a ƙarƙashin tutar da ta rushe daular kakanninsu. Cewa niƙar gari domin kabari abu ne da shari'a ba ta san shi ba, koyi ne kurum da Turawa masu ajiye furanni da busa begila. Cewa kuɗin jirgin ya fi cancantar bakin maraya. Sa'an nan ya rufe da tambayar da ta fi dukkan maganganunsa nauyi, ya ce ina dalilin mutumin da ƙafarsa ba ta taɓa taka Burmi ba zai ce ya nufi Burma.

Allah ya gafarta Malam, ni ina cikin waɗanda hukuncin ya hau kansu, gama na je, na tsaya, na kuma dawo da abin da ban tafi da shi ba; saboda haka ina roƙon ya ba ni aron kunne irin wanda malami kan ba almajirin da ya zo da ishkali, ko da a ƙarshe bai sauka daga ra'ayinsa ba.

Insafi ya wajabta mini in fara da inda gaskiya take tare da shi, kuma wurin ba kaɗan ba ne. Rundunar da aka kwashi samarinmu a cikinta zuwa gabas ita ce dai rundunar da ta fasa ganuwar Kano a watan Fabrairu na 1903, ta tsaya a filin Giginya a ranar 15 ga Maris, ta bi sawun Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda ya yi shahada tare da ɗaruruwan jama'arsa a ranar 27 ga Yuli na wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran masu hijira har gaɓar Nilu a Sudan, inda zuriyarsu take har yau. Abin da ya fi wannan ɗaci, wanda Malam ya yi kawaici bai faɗa ba amma ni zan faɗa, shi ne Turawan da ke cikin wannan runduna 'yan ƙalilan ne, yawancin hannuwan da suka ɗana bindigogin baƙaƙe ne, da yawansu kuma da Hausa suke magana. Haka nan ba duk wanda ya sa kaki a zamanin yaƙin Hitila ne ya sa shi da son ransa ba, domin akwai waɗanda aka rubuta sunansu a ƙofar hakimi saboda an yanka wa gundumarsu adadin da za ta kawo, kamar yadda aka yi ta ɗibar talakawa zuwa haƙar kuza a Jos a shekarun nan. Da aka gama yaƙin kuwa, sakayyar da aka yi musu ba ta kai ta farar fata ba. A Ankara, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka fita da takardar koke za su kai wa Gwamna, aka harbe uku daga cikinsu a mararrabar Christiansborg, kamar yadda Faransa ta buɗe wa nata sojojin baƙar fata wuta a Caroye ta ƙasar Senegal ranar 1 ga Disamba 1944, don sun nemi haƙƙinsu. Duk wannan na yarda da shi, ban kuma je Burma don in wanke daular Ingila daga ko ɗaya ba.

Inda muka rabu da Malam shi ne, ya ɗauki hukuncin da ya dace da daula ya aza shi a kan bawan Allah guda, alhali kuwa ma'abota ilimi sun san cewa waɗannan mas'aloli biyu ne, kowace da babinta. Daula ana auna ta da manufarta da abin da ta aikata. Mutum kuwa ana auna shi da niyyarsa da gwargwadon saninsa da irin tilascin da ya same shi, kuma Mai aunawar ba mu ba ne. Yayan mahaifina, wanda ban taɓa gani ba amma na tashi ina jin ana ce da shi Baffa kamar yana ɗaki na gaba, manomi ne da bai cika shekara ashirin da biyu ba, bai san inda Japan take ba, bai san abin da ya haɗa ta da Ingila ba. Abin da ya sani shi ne an yi fari, haraji ya taho, ga sabuwar amarya, ga kuma mai shela yana cewa soja na samun albashi da tufa da abinci. Ya tafi a shekarar 1942. Abin da ya iso gida daga gare shi duka-duka wasiƙa ɗaya ce da wani magatakardan bariki ya rubuta masa da boko daga ƙasar Indiya, a samanta akwai lambarsa ta soja, a cikinta gaisuwa ce da sunayen mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar ko an gyara katangar bayan gida kafin damina. Kakata ta naɗe takardar nan a ƙyalle ta sa a cikin adudunta, ita da ba ta karanta boko, takan fito da ita ranar Juma'a ta shafa ta mayar. Da abokan tafiyarsa suka dawo a 1946, wani ya ce ya gan shi an ɗauke shi a makara da rauni, wani ya ce a ƙetaren wani kogi aka rasa shi, wani kuma ya ce ya ji labarin yana raye ya yi aure a can. Tsohuwar nan ta rayu shekara talatin bayan haka, kuma har ta koma ga Mahaliccinta, in aka yi sallama da dare da muryar da ba ta gane ba, sai ta ɗaga kai.

Malam ya fi ni sanin cewa fuƙaha'unmu ba su ɗauki irin wannan hali da wasa ba, har suka keɓe masa babi suka kira shi mas'alar mafƙudi. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda kowane ɗalibin Risala ya karanta a zaure, matar wanda ya ɓace takan kai al'amarinta ga hukuma, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai lokacin da irinsa ba ya wuce shi a raye. Matar Baffa ta bi wannan hanya a gaban alƙali, ta yi takabar mijin da ba wanda ya ga gawarsa. To, shari'ar da ta tsaya wannan tsayuwa a kan sanin ƙarshen mutum guda, ta hana a taɓa akuyarsa sai an tabbata, yaya za a ce ita ce kuma ta hana ɗan ƙaninsa ya tashi ya je ya tabbatar? Da a ce a Gwanja ya ɓace a kan hanyar fataucin goro, wani daga cikin dangi ya bi sawunsa har ya gano inda aka binne shi, da ba abin da za a kira wannan sai sada zumunci, a kuma sa masa albarka.

Ya kamata kuma mu san abin da mutanen nan suka gani, gama wanda ya ce yaƙin ba nasu ba ne ya faɗi gaskiya ta fuskar siyasa, amma wahalar tasu ce, jinin ma nasu ne. Kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma aka kai wannan fage, fiye da rabinsu daga Nijeriya, sauran daga Gana da Saliyo da Gambiya, kuma a cikin waɗanda aka rubuta a matsayin 'yan Nijeriya akwai mutanen Damagaram da na ƙasar Cadi da Kamaru da suka ƙetaro suka shiga. Runduna ta 81 ta tashi daga Ikko a 1943, jirgin ruwa ya zagaya da ita ta kudancin Afirka zuwa Bombai, aka bi da ita ta Kalkata da Citagong, aka tura ta kwarin kogin Kaladan a ƙasar Arakan, wurin da duwatsu da kurmin gora suka hana mota da alfadari wucewa. Abin da ya sa aka zaɓe su ga wannan wuri shi ne suna da rukunonin 'yan dako, mutanen da ke ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka, su hau tudun da sai an kama saiwa ake hawansa, abincinsu kuwa daga sama jirgi ke jefo musu. Da adda da diga da shebur suka sare hanyar mota ta fiye da mil saba'in a cikin wannan kurmi. Bataliyoyi uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an sauke su da jirgin sama a bayan dagar Japanawa a 1944 tare da mayaƙan Janar Wingate da ake kira Chindit. Runduna ta 82 ta biyo baya ta gangara kwarin Kalapanzin, ta karɓi Buthidaung a Disamban 1944, rundunonin biyu suka haɗu a kan Myohaung, tsohuwar alkaryar sarakunan Arakan, a Janairun 1945. Waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a kunnenmu ko da mun manta asalinsu: mutumin Kaduna yana wuce barikin Dalet da na Kalapanzin, na Zariya ya san Chindit, na Ibadan ya san Letmauk, na Ikko ya san Dodan da Arakan da Myohaung, na Ankara kuma ya san Burma Camp. Al'ummar da ke faɗa wa direban mota ya sauke ta a wuraren nan kullum, ba ta kuwa san cewa sunayen koguna da ƙauyukan da 'ya'yanta suka mutu ba ne, ina ganin ciwonta mantuwa ne, ban ga alamar yawan ziyara ya dame ta ba.

Game da hujjarsa ta shari'a, ya kafa ta a kan hadisin da ya keɓe masallatai uku da ɗaura sirdi, kuma hadisin ingantacce ne ba mai jayayya da shi. Sai dai Malam ya kawo fahimta ɗaya kamar ita ce ijma'i, alhali saɓanin malamai a nan sananne ne tun da daɗewa: Ibnu Taimiyya ya faɗaɗa hanin har ya haɗa da tafiya domin kaburbura, Subki ya yi masa raddi da littafi sukutum, Gazali kuwa tun kafin su ya tafi a kan cewa maganar ta masallatai ce, domin in an cire ukun nan sauran duk daidai suke a falala, ba dalilin barin na kusa a nufi na nesa. Ban isa in yi alƙalanci tsakanin waɗannan duwatsu ba. Abin da zan ce shi ne, ko a bisa fahimtar da ta fi tsanani, abin da aka hana shi ne tafiyar ibada wadda ake neman albarkar wuri da ita, ba wanda ya taɓa haramta tafiyar neman ilimi ko ta fatauci ko ta zumunci ko ta i'itibari, wadda Alƙur'ani ya yi umurni da ita a wurare da dama, cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Ba wanda ya je Burma don ya ɗebo ƙasar kabari ya jiƙa ya sha, ba wanda ya ce sojojin nan waliyyai ne, ni kuma ban kira su shahidai ba, gama wannan suna ba a hannuna yake ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi izinin ziyarar kaburbura bayan ya hana, ya bayyana cewa tana tuna wa mutum lahira. Ya fita zuwa ga mutanen Uhudu shekara takwas bayan yaƙin ya yi musu addu'a kamar mai ban kwana. Kuma duk alhajin da ya je Madina daga ƙasar nan an kai shi gindin dutsen nan, ya hau tudun maharba, an nuna masa ta inda dawakin Kuraishawa suka zagayo. Wane ne ya tsaya a wurin bai ji cewa abin da ya karanta a littafin sira shekara da shekaru sai a ranar ya shiga zuciyarsa ba? Ban haɗa darajar mutanen Uhudu da ta kowa ba, Allah ya tsare ni. Abin da nake nufi shi ne gani ya kori ji, kuma wannan ɗabi'a ce da aka halicci ɗan Adam a kanta.

Maganar koyi da Turawa kuwa, a nan Malam ya haɗa tufa da mai tufa. Furanni da begila da shirun minti biyu al'adarsu ce, ban ɗauke ta ba, ban kuma kira kowa gare ta ba. Musulmi yana da nasa ladabin shiga maƙabarta tun kafin a haifi daular Ingila: ya yi sallama ga ma'abota wurin, ya roƙa wa muminansu gafara, ya tuna shi ma mai riskarsu ne, ya kame daga wargi. Har ma an koya mana yadda ake wuce wurin da fushin Allah ya sauka, domin a kan hanyar Tabuka, da aka iso kufan Samudawa, an hori sahabbai kada su shiga sai suna masu kuka. Filin yaƙi wuri ne da ya cancanci irin wannan tsoro. In akwai masu zuwa can don yawon buɗe ido da ɗaukar hoto suna dariya, to gyaransu shi ne a koya musu ladabi, kamar yadda ba a rufe hanyar Hubbare don wani ya yi abin da bai dace ba a can.

Bari in faɗi abin da na gani. Maƙabartar Taukiyan tana arewa da birnin Rangun, wanda yanzu ake kira Yangon, a bakin babbar hanya mai hayaniyar motoci, amma da ka shige ƙofa sai ƙarar ta koma baya. An fara ta a 1951, aka tattaro gawarwaki daga maƙabartun fagen fama na Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw da kuma waɗanda aka tsinto a daji, har suka kai 6,374, daga ciki 867 ba a san ko su wane ne ba. Kaburburan ba su da tudu irin namu. Ɗan dutse ne gajere da farantin tagulla a kansa, jere bisa jere a kan ciyawa, da shuka tsakanin kowane biyu. A tsakiya akwai dogayen ginshiƙai da aka buɗe a 1958, an sassaƙa musu sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, Indiyawa da Gurka da Turawa da mutanen Afirka ta Gabas da namu. Na isa da hantsi, zafi mai ɗauke da laima ya riga ya jiƙa mini riga, ina riƙe da kwafin wasiƙar kakata, da lambar ginshiƙin da na samo ta hanyar lambarsa ta soja a kundin hukumar da ke kula da kaburburan. Da na kai ga sashen rundunar Nijeriya sai ƙafata ta yi nauyi, gama abin da ke gabana kamar kiran sunaye ne a kasuwar ƙauyenmu: wane Kano, wane Sakkwato, wane Katsina, wane Bauci, wane Yola, wane Dikwa, suna ɗaya da sunan gari, domin haka magatakardan soja ke rubuta kurtu, ba ya tambayar sunan uba. Wasu an karkatar da harufansu yadda kunnen Bature ya ji, sai ka maimaita a bakinka sau biyu kafin ka gane Garba ne ko Audu. Na sa yatsa ina bi har na same shi, can sama kaɗan da kaina, sunansa na yanka da sunan garinmu, ba ƙari. Na yi masa sallama da Hausa kafin in tuna in yi da Larabci. Na gaya masa mahaifiyarsa ta rasu, ƙaninsa ya rasu, an gyara katangar. Sa'an nan na juya alƙibla, wadda a can take yamma, na yi masa addu'a, na haɗa da na sama da shi da na ƙasa da shi, domin na san da wuya a ce wani nasu ya taɓa zuwa.

Akwai samari da 'yan matan ƙasar da ke zuwa su zauna a inuwar ginshiƙan saboda tsabtar wurin da shirunsa, da farko abin ya sosa mini rai. Amma wani dattijo daga cikin masu ban ruwa, da ya ga baƙin mutum da hula yana shafa dutse, sai ya ajiye bututunsa ya tsaya nesa kaɗan har na gama, ya kawo mini ruwan sha a kofi, ya nuna ginshiƙin ya nuna ƙirjina yana tambaya da ido. Na gyaɗa kai, shi ma ya gyaɗa. Shekara da shekaru baƙon da ba addininmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba, yana share wa Baffa ƙofa, mu kuwa muna gida muna gardamar ko ya halatta a zo.

Malam yana tsoron kada ziyara ta zama tallar daular da ta zalunce mu, ni kuwa abin da na lura shi ne rashin zuwanmu ne ya bar mata labarin ita kaɗai tana ba da shi yadda ta so. Hukumar kaburburan nan, wadda aka kafa a 1917 bisa alkawarin cewa za a daidaita kowa a mutuwa, ta fito a watan Afrilu na 2021 ta amsa da bakinta cewa a yaƙin duniya na farko aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka da Misirawa, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, adadin ma yana iya kaiwa 350,000, kuma gwamnatin Ingila ta nemi gafara a gaban majalisarta. Wannan ikirari bai sauko don kansa ba. Ya biyo bayan binciken wata malama, Michèle Barrett, a cikin takardun hukumar, da tafiyar da ɗan majalisa David Lammy ya yi zuwa Kenya da Tanzaniya a 2019, inda ya tsaya a gefen kaburburan Turawa masu shinge da furanni ya tambaya ina na baƙaƙen da suka ɗauko musu kaya. Wanda bai je ba ba ya ganin gurbin da aka bari, balle ya tambaya.

Akwai kuma bashin da ba a biyansa sai da ƙafa. Isaac Fadoyebo, saurayi daga ƙasar Owo mai aikin jinya a runduna ta 81, Japanawa sun far wa ayarinsu a bakin Kaladan a watan Maris na 1944, harsashi ya karya masa ƙafa, aka bar shi a matsayin matacce shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo. Wani manomi Musulmi na ƙauyen, mai suna Shuyiman, ya ɓoye su a gidansa yana ciyar da su, alhali ya san in aka gane, kansa ne da na iyalinsa, har aka cece su bayan wata tara. Fadoyebo ya tsufa a Ikko da wannan alheri a wuyansa bai sami hanyar godiya ba, sai da ɗan jarida Barnaby Phillips ya ɗauki wasiƙarsa ya niƙi gari har ƙauyen a 2011, ya sami 'ya'yan Shuyiman, ya karanta musu, suka yi kuka. Shekara guda bayan haka Fadoyebo ya rasu. Jama'ar Shuyiman su ne Musulmin Arakan da duniya ta sani yau da sunan Rohingya, waɗanda fiye da 700,000 daga cikinsu suka tsere zuwa Bangaladash a 2017, da yawansu daga Buthidaung da kwarin Kalapanzin ɗin nan da muka sa wa bariki suna. Mun yi musu alƙunutu a masallatanmu a matsayin 'yan'uwa na nesa, ba mu san cewa akwai shinkafar kakanninsu a cikin 'ya'yanmu ba. Da muna zuwa, da mun sani.

Batun kuɗi ba zan tsawaita a kansa ba, domin ban ce tafiyar wajibi ce ba, kuma wanda maƙwabcinsa ke kwana da yunwa ya san abin da ya fi kamata ya yi da guzurinsa. Na tara nawa shekara shida, mutum ɗaya a madadin zuriya guda. Yanzu ma hanyar ta rufe, tun da soja suka karɓi mulki a can a Fabrairun 2021 ƙasar ta koma fagen fama, har da Arakan, ba kuma mai hankalin da zai ce a jefa rai cikin halaka don ziyara.

Saura tambayarsa ta Burmi, wadda na ce ta fi nauyi. Amsata ita ce na je Burmi, amma sai bayan na dawo daga Burma, kuma tsayuwar farko ce ta kai ni ga ta biyu. Da na ga yadda baƙi suka adana sunan talakan garinmu a kan dutse, kunya ta kama ni a kan Sarkin Musulmin da ke kwance a ƙasar Gombe, tafiyar yini guda daga ƙofar gidana. Na same shi a can kusa da Bajoga, a fili mai tsit, ba jerin sunaye, ba ginshiƙi, jama'ar da suka faɗi tare da shi Allah kaɗai ya san adadinsu da sunayensu. Na tsaya ina tunanin cewa mai yiwuwa a cikin waɗanda suka yi harbi a ranar akwai wani yaro kamar Baffa, wanda fari da haraji suka kai shi bariki, kuma ban ji wannan tunani ya rage wa Attahiru komai ba, sai ma ya nuna mini zurfin abin da aka yi mana, da aka sa hannun dama ya sari na hagu. Haka Tabkin Kwatto da Tsuntsuwa da Alkalawa da Satiru suke, kowannensu yana jiran mai zuwa. In Allah ya kai mu bayan damina, ina roƙon Malam ya sa rana mu tafi Burmi tare, shi ya yi mana bayanin tarihin, ni in ɗauki buta da tabarma.

Da na dawo daga Rangun ban sauka gidana ba sai da na biya ta wurin Goggo, autarsu Baffa, wadda take 'yar shekara bakwai ranar da ya tafi, a lokacin kuma ta haura tamanin, idanunta sun yi rauni. Na zauna a bakin gadonta na ba ta labari tun daga ƙofa. Ba ta tambaye ni girman wurin ba, ba ta tambayi Turawa ba, cewa ta yi, "Ɗan nan, ka tabbata shi ne?" Na ce lambar da ke kan wasiƙar Inna ita ce a kundinsu, kuma sun rubuta ranar, a cikin watan Maris na 1944. Ta yi shiru tana lissafi da yatsu, ta ce ashe tun kafin a haifi mahaifin wane ya rasu, ashe duk jiran nan da Inna ta yi yana kwance. Ta ce, "Akwai inuwa a wurin?" Na ce akwai. Ta ce, "Ka yi masa sallama?" Na ce na yi, na kuma gaya masa tana nan. Sai ta jawo mayafinta ta rufe fuska, ta ce Allah ya jiƙan Yaya, karo na farko da na taɓa jin wani a gidanmu ya faɗi haka a kansa ba tare da ya ƙara da cewa in ya mutu ba. Ranar Juma'ar da ta biyo ta sa aka jiƙa gero aka yi gumba, aka kira almajirai, ta zauna a ƙofar ɗaki tana miƙa musu da hannunta.